Sunana Ya Riga Ni Isa Guri

'Yan'uwa cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni bisa ƙafafuna a gabanku yau. Baba Fasto, dattawa, iyayenmu mata, sannunku da sujada.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ne Bulus bakanike, mai gyaran injin ban ruwa a nan Haɗeja. Ko ba ku san fuskata ba, in dai kun taɓa zama cikin manoman fadama, kun ji sunana.

Kun san halinmu. Mace ta je kanti sayen garin sabulu, ko wane kamfani ya yi shi, omo za ta ce. Duk abin da aka murtsuke a miya magi ne. Ba mai tuna cewa asali sunan kayan wani ne. To, haka aka yi da nawa sunan.

Tun ina saurayi nake fama da farfaɗiya. Wani rani ina tsugune a bakin kogi ina gyara wa masu noman tattasai inji, sai ciwon ya taso ya kayar da ni. Da na farfaɗo na tarar kowa ya ja baya, wai kada miyauna ya taɓa shi. Wani mai tausayi ya riga ya cusa mini cokali a baki har haƙorina ya ɓantare. Ban gama dawowa hayyacina ba, injin da na tayar ya kama karkarwa, ya yi tari, ya mutu. Sai wani mai barkwanci ya ce, "Kai, inji ma ya yi Bulus." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, to me zan yi?

Shi ke nan, magana ta bi ruwa. Duk injin da ya yi karkarwa ya mutu ana tsakiyar ban ruwa, ya yi Bulus. Daga inji aka koma babur, daga babur aka koma janareta. Na yi ta haɗiyewa, ina cewa ai wasa ne, zai wuce.

Bai wuce ba. Wata rana wani dattijo manomin shinkafa ya zo shagona daga garin Guri, da injinsa ɗaure a bayan babur. Ban taɓa ganinsa ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, wannan injin nawa ya ishe ni. Kullum sai ya yi mini Bulus."

Na ce, "Baba, ka san wane ne Bulus ɗin?"

Ya ce, "Au, mutum ne? Mu dai haka muke cewa a wajenmu."

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ban taɓa taka Guri ba, amma faɗuwata ta riga ni isa can. Na gyara masa inji, ya sa mini albarka ya tafi. Ni kuma na rufe shago.

'Yan'uwa, na ji kunya, na kuma yi fushi da Allah, ba zan ɓoye muku ba. Na daina fita. In na zo majami'a, sai in zauna a bencin baya kusa da ƙofa, in sulale kafin a yi addu'ar rufewa. Har kofin shan ruwana nake zuwa da shi, don kada in ga wani ya kauce wa wanda na sha da shi. Asibiti kuwa na ƙi zuwa. Ina cewa ni bakanike ne, na san abin da ya fito da lahani tun daga kamfani ba ya gyaruwa.

Ana nan sai Baba Fasto ya same ni a gida. Ya ce maza sun zauna, ni suke so in shugabanci zumuntar maza, tunda ni na tattara su muka tayar da katangar majami'a shekarar da ambaliya ta rushe ta.

Na ce, "Baba, so kake a ce zumuntar maza ta yi Bulus? Shugaban da zai faɗi ana tsakiyar taro, wa zai bi shi?"

Ya ce, "Ba zan karɓi amsarka yau ba. Ka yi addu'a tukuna."

Da ya tafi, matata Saratu ba ta raga mini ba. Ta ce, "Baban Rahila, injin mutane in ya yi karkarwa cewa kake a kawo maka. Kai kuma ka ƙi kai kanka ko'ina. Ka kwanta kana jira a yar da kai a bola."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Washegari da hantsi na buɗe shagona, na shiga na tura ƙofa, na durƙusa a tsakanin matattun injina. Ban iya wata doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, sun ɗauke sunana sun yi abin dariya da shi. Ba ni da sauran abin da zan tsaya da shi gaban mutane. In kana da aiki da ni, ka tashe ni." Na yi kuka kamar ba namiji ba.

Ban ji murya daga sama ba. Amma zuciyata ta kwanta, kuma wani tunani ya zo mini sarai. Ina ɗauke da wani sunan ma da ba nawa ba. Mu kaɗan ne a garin nan. Maƙwabtanmu in sun ce Kirista, abin da suka gani a wurinmu suke nufi, a shago, a kasuwa, a bakin kogi. Ni kuwa ina ta makokin sunana, na kulle na Ubangijina a ɗaki tare da ni. Abin da nake koya wa gari ke nan, cewa mai bin Yesu in ya faɗi ba ya tashi.

A cikin wancan makon na je asibiti. Likita ya ce ciwon nan ba a ɗaukarsa ta miyau, ba kuma iska ba ce. Ya ba ni ƙwayar da nake sha kullum, Saratu kuwa ta zama ɗan sanda a kaina. Allah ya sa wa maganin albarka. Ni da nake faɗuwa a kai a kai, tun daga lokacin sau ɗaya ciwon ya kayar da ni. Ku yabi Ubangiji!

Na sake buɗe shago. Kada ku ɗauka an daina faɗar maganar. Har gobe manoma suna zuwa su ce inji ya yi Bulus, ni kuma in ce a sauke shi mu gani. Ba zan bi fadama gona-gona ina rufe bakin mutane ba. Abin da ke hannuna shi ne abin da za su gani daga yau.

Ku da kuke riƙe da wani aiki a gidan Allah, ku sani ana kallonku, kuma abin da kuka saba yi shi za a kira da sunanku. Kai kuma da aka laƙaba maka sunan ciwonka ko na rauninka, kada ka ɓuya. Ka dogara ga Yesu, ka fito.

Baba Fasto, ka daɗe kana jiran amsata. Ga ta a gaban ikilisiya: na karɓa.

Abu ɗaya nake roƙon maza. In wata rana ina tsaye ina jagorantar taro ciwon ya zo, kada kowa ya gudu, kada a sa mini komai a baki. Ku juya ni gefe guda, ku sa mini riga a ƙarƙashin kai, ku ci gaba da waƙa. Kada a tashi taron. Zan miƙe mu ƙarasa.

Na gode wa Allah. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.