Haƙarƙarin Maigida

A bencin ƙofar ɗakin masu ciwon zuciya, wata mata ta juya ga dattijuwar da ke gefenta.

"Mama, da idona na gani. Numfashin maigidana na ɗaukewa, nas ta haye gadon tana danna masa ƙirji ba tausayi, har haƙarƙarinsa ya karye."

"Ya cika?"

"Yana ciki yana shan shayi. Wai dannawar ce ta tayar da zuciyar."

Dattijuwar ta ƙura mata ido, har matar ta tsargu.

"'Yar nan, dama tana tashi bayan ta tsaya? Da nawa ya faɗi, ruwa muka yayyafa masa. Da bai motsa ba, muka ja zane muka rufe shi, jikinsa da ɗumi."