Mota Ba Ta da Haƙori

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Buba ne daga Mainika, ƙasar Gwarzo.

Mu da muka tashi cikin shanu, haƙori muke dubawa mu san shekarun saniya. Da na sayar da bijimaina zan sayi motar haya, dillali ya nuna mini lambar kilomita, ya ce, "Alhaji, ga haƙorinta, yarinya ce." Na yarda.

A Kabo injin ya buga. Bakanike ya jona kwamfuta, ya ce an mayar da lambar baya, tsohuwa ce tukuf.

Ban yi faɗa da kowa ba. Motar tana nan inda bijiman suke kwana a da, ina wuce ta kullum.

Malam, a tambayo mana masana: ina ake duba haƙorin mota?