Rijiya Mai Cin Ɓuntu

A ƙofar injin casar shinkafa, mai kiwon kaji ta tsaya da buhunanta babu komai a ciki, tana kallo ana lode ɓuntun kaf a babbar mota. Ta dubi mai hular kwanon da ke tsaye kan lodin.

"Bawan Allah, duka ka kwashe? Kaji nawa gare ka?"

"Ko ɗaya, Hajiya. Rijiyar mai muke haƙa."

"Rijiyar ce ke cin ɓuntu?"

"Kamar gara! Laka muke turawa ciki ta danne iskar gas. To dutsen ƙasan ya tsage, yana shanye lakar. Sai mun cuɗa ta da ɓuntu ya toshe tsagar."

"Ikon Allah! Gobe zan sauke 'yan tsaki ɗari uku, a kan siminti za su kwanta? Kamfani guda ya rasa abin toshe rami sai shimfiɗar kajina?"

"Ni kike faɗa wa? Akwai hodar da aka yi musamman don wannan. Wata biyu ina rubutawa a sayo, manya suna cewa tsada. Yau aka ce in nemo ko mene ne."

"To, zai toshe ɗin?"

Ya sunkuyar da kai. "Wataƙila."

"In bai toshe ba fa?"

"Laka ta tsiyaye, gas ya taso. Mutum goma sha biyu ke bakin rijiyar. Har da ƙanena, ni na samo masa aikin."

Ta naɗe buhunanta.

"Kwashe ka tafi. Amma ka gaya wa manyan naku, ni ko kajina ban taɓa kwantar da su a kan wataƙila ba."