Takardar Rahila a Zauren Malam

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Ni ce Maman Rahila, mai ɗinki a bakin kasuwar Bukkuyum. Duk wanda ya san ni ya san bakina ya fi kekena gudu, to yau ku bar ni in yi amfani da shi wajen yabon Ubangiji.

Bara 'yata Rahila ta sami gurbi a makarantar ungozoma a Gusau. Aka ce ta kawo ainihin takardar kammala sakandare kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani gurbin. Takardar kuwa tana Zuru, wurin yayata Saratu, inda Rahila ta yi karatu. Saratu ta sa ta a ambulan ta aiko ta gidan waya zuwa Gummi. Mu nan, maƙwabcinmu Sani ɗan kabu-kabu ke ɗauko mana wasiƙu in ya je can.

Mako ɗaya, shiru. Mako biyu, shiru. Na je Gummi da kaina, ma'aikacin gidan waya ya buɗe littafi ya nuna mini inda Sani ya sa hannu ya karɓa. Da na dawo na tare Sani, ya zazzage jakarsa a gabana, babu ambulan. Ya ce bai san inda ta faɗi ba.

'Yan'uwa, ba zan rufe muku ba, na yi abin kunya. Na tsaya a ƙofar gidansa ina zaginsa, matarsa na ji, 'ya'yansa na ji. Mutumin da ya shekara shida yana kawo mana saƙo ko allura bai taɓa ɓatarwa ba! Na daina gaisawa da gidan. Rahila kuwa ta daina cin abinci, ta ninke fararen kayan da na ɗinka mata ta tura ƙarƙashin gado.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika, na je addu'ar safe ta zumuntar mata. Na durƙusa zan roƙi Allah ya fito da takarda, bakina ya ƙi buɗuwa. Ni da ba na rasa abin cewa! Abin da kawai ke dawo mini shi ne fuskar Sani a ƙofar gidansa. Na fashe da kuka na ce, "Ya Yesu, na ji. Ko takarda ba ta fito ba, zan je in ba shi haƙuri."

Daga ikilisiya ban biya gida ba. Na iske Sani a ƙofar gidansa yana goge babur, na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Maman Rahila, ba komi. Ni ma tun rannan ban samu kwanciyar rai ba. Na tuna na tsaya sallar azahar Nasarawa Burkullu, na buɗe jikka na hidda tasbaha. Amma yadda kika yi hushi, ban iya tunkarar ki ba. Hau mu tai."

Kun ji? Da ban rufe ƙofa da zagi ba, da tuni na ji wannan magana.

Muka isa masallacin bakin hanya, aka kai mu zauren wani dattijo, malamin allo. Sani ya yi masa bayani. Malam ya miƙe a hankali, ya sa hannu tsakanin azara da jinka, ya zaro ambulan, duk ƙura. Sunan Rahila ne a jiki!

Ya ce, "Ɗiyata, na tsince ta ƙasa, mutane na ta takawa. Ni karatun boko bai dame ni ba, amma sunan Allah na san shi ko da wane rubutu anka rubuta shi. Ba a barinai ƙasa. Na yi cigiya masallaci, ba wanda ya san mai ita, shi ya sa na aje ta bisa."

Ya juya bayan ambulan ya nuna mini. Rubutun Saratu ne, manya-manya: Allah ya kai ta lafiya. Haka take yi wa kowace wasiƙa tun muna 'yan mata, ni kuma kullum ina yi mata dariya, ina cewa ai masu gidan waya adireshi suke karantawa.

Na zube a zauren nan ina ta godiya, Malam na cewa in tashi. Na ce zan ɗinka masa riga, ya ce shi dai in Rahila ta gama, ta riƙa duba matansu da idon rahama.

Washegari Sani ne ya kai Rahila tasha. Yanzu tana shekara ta biyu, ga ta can zaune a baya tana ɓoye fuska.

Na gode wa Yesu da ya fara gyara ni kafin ya dawo da takarda. Kai da ke jiran wani abu da ya ɓata, ka dogara gare shi, kuma in akwai wanda ka ɓata wa rai, je ka same shi tun yau. Na kira Saratu na ce ta ci gaba da rubuta wa wasiƙunta addu'a, ba zan ƙara dariya ba. Halleluya!