Ƙunshin Tayta Fermin

Mai girma shugaban taro, mai girma Magajin Gari wanda ya yi ta zarya zuwa birnin Cusco har ya samo mana takardun shiga Machu Picchu, Fada Anselmo na cocinmu, malamar asibitinmu, shugabannin ƙungiyar 'yan dako, 'yan uwana matan kasuwa, da ku na can baya da ƙamshin miya ya kawo, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ce Eufemia mai dafaffiyar masara da cuku a bakin gada, kuma ina godiya da aka ba ni wannan dama, ko da yake na san an ba ni ne don muryata ta fi ta kowa.

Bari in fara da yabon mazan garin nan. Duk ƙasar Peru babu baya irin bayansu. Sun ɗauki tanti, sun ɗauki tebur da kujeru, sun ɗauki tukunyar gas, har masai sun goya, da takalmin taya a ƙafa, suna wuce baƙi 'yan yawon buɗe ido a guje kamar ana koro su. Ƙwazonsu ya kai ga sun ƙare rayuwarsu a hanyar Machu Picchu, tsohon birnin kakanninmu na kan dutse, amma ba su sami sukunin ganin birnin ba. Ranar ƙarshe su ba baƙi shayi, su naɗe tanti, baƙi su miƙe zuwa Ƙofar Rana inda ake fara hango birnin, su kuma su gangara su tari jirgin ƙasa. Madalla da mutumin da ya raka duniya gidan kakanninsa, ya juya daga bayan katanga!

To, jibi za mu gyara wannan. Dattawanmu za su bi hanyar a matsayin baƙi, samari su yi dako, mu mata mu yi girki. Abu uku nake roƙo.

Na farko, kada a yi gudu. Babu wanda ke jiran ku kafa masa tanti. Wanda ya ga fure ya tsaya ya kalla, wanda bai ga komai ba ya tsaya ya yi kamar ya gani, haka baƙi ke yi.

Na biyu shi ne ainihin abin da ya tsayar da ni a nan, wato Tayta Fermin Sullca, Baba Fermin kenan, ga shi can yana hararata. Tun ina yarinya yake dako a wannan hanya, kuma duk baƙon da ya tambaye shi ko birnin da kyau, sai ya ce da kyau ƙwarai, ya siffanta shi tsaf, daga hoton kalandar da ke rataye a rumfata. Yanzu gwiwarsa ta hagu ta gaji. Malamar asibiti ta faɗa a fili: bana ce damarsa ta ƙarshe, kuma in ya ɗora kaya a baya, ba zai haye tsaunin Matacciyar Mace ba, sai dai a sauko da shi a bargo. 'Yarsa Basilia ta ce ta yarda ya tafi, amma hannu rabbana.

Lahadin da ta wuce muka fita gwaji. Mun ga abin da ba mu taɓa gani ba: dattijo na tafiya a sunkuye, yana tangaɗi kamar ya kwana a gidan giya, hannuwa suna laluben igiyar da babu ita. Can muka ga tafiyar ta daidaita, har yana fito. Basilia ta ce lallai akwai magana. Ta kwance mayafinsa, sai ga duwatsun rafi, manya-manya, ya jera su kamar burodi. Ta ce, "Tayta, gini za ka yi musu a can? Ai an ce suna da duwatsu." Ya ce, "Ke 'yar nan, bayana ne ke jin sanyi."

Muka yi dariya, amma da na matsa masa a rumfa sai gaskiya ta fito. Ba sanyi kaɗai ba ne. Hanyar cike take da 'yan dakon wasu garuruwa da suka san shi, kuma ya ce gara ya mutu bai ga birnin ba da a ce an ga Fermin Sullca da baya fayau, yana riƙe da sanda kamar Bajamushe. Na ce masa ni 'yar kasuwa ce, na san yadda ake sa kaɗan ya yi kama da yawa. Na tara gashin tumaki daga matan nan, na ɗaure shi a bargo, ya tashi ƙunshi ya fi tukunyar gas girma, nauyinsa bai kai na kaza ba. Ya ɗaga, ya dube ni, ya ce, "Eufemia, da haka kike auna mana cuku?" Amma ya karɓa, bisa sharaɗin kada a ji a hanya.

Don haka jama'a, wannan magana ta tsaya a filin nan. Duk saurayin da ya taya shi ɗorawa, ya yi nishi. Duk wanda aka tambaya me ke ciki, ya ce kayan Magajin Gari ne. Basilia kuma ta riƙa taɓa ƙunshin a kowane zango, don rafi bai ƙare ba.

Na uku gajere ne. Ranar ƙarshe, a mararrabar da ƙafafunku suka saba gangarawa, zan tsaya da ludayi. Wanda ya nufi jirgi, shi da ni.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Uwa Ƙasa ta karɓi ganyen kokar da za mu hura wa duwatsu a matsayin sadaka kamar yadda muka gada, ta yi wa gwiwar dattijo sauƙi, ta ɗage hazo ranar da muka isa. Allah ya sa jikokinmu su shiga ta ƙofa tun ƙafarsu na da ƙarfi. Na gode da kuka saurare ni har miya ta huce.

Sai dai ku taya ni tunani kafin jibi: idan Tayta Fermin ya tsaya a Ƙofar Rana, ya duba da kyau, ya ce na kalandata ya fi, wa zai gaya wa baƙi?