Haƙorin da tela ke yanke zare da shi

Jikata na raka asibitin haƙori. A bencin gabanmu ga wani tela, kumatu ya kumbura suntum, kusa da shi wata mata mai tabarau. Ni kuwa kunnena ba ya hutu.

Matar ta ce, "Malam, cirewa ka zo yi?"

"A cire na wa? Baiwar Allah, da haƙorin nan nake yanke zare tun ina yaron shago. Ya ma daina ciwo. Kanumfari na danna masa, ya yi shiru."

"Shirun nan shi ne abin tsoro. Jijiyar ce ta mutu, cutar ta sauka saiwa. Ba ka jin mugunya a baki?"

"Kaɗan."

"Zazzaɓi fa?"

"Wannan na gajiya ne."

"To me ya kawo ka?"

"Maiɗakina ce ta cire kan keken ɗinkina ta kulle. Wai sai na ga likita."

"Ta kyauta. Haka mijina ya yi taurin kai, kumburin ya gangara wuya, haɗiyar yawu ta gagara, aka kwantar da shi. Da ya zo da wuri, wanke saiwar za a yi a cike, ba sai an cire ba."

Aka kira tela. Ya miƙe, hannu a kumatu.

"Wankewa na yarda. Amma duk wanda ya ɗauko filaya, ficewa zan yi." Ya rage murya. "Mijin naki dai ya tashi?"

"Ya tashi sarai. Ga shi can ya tsare ƙofa, wai kada in sake guduwa."