Damin Iri da Rantsuwa a Kalgo

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ka gafarce ni da na ɗora maka damuwata. Ni ce Hauwa'u daga Dangoma, jikokina marayu suna hannuna cikin farin nan.

Ranar da motar gwamnati ta kawo dawar agaji Kalgo, na bi layi. Da aka zo kaina, mai rabo ya ce, "Inna, rantse ba ki da ko ƙwaya a rumbu."

Malam, ina da damin gero guda, irin da za mu shuka in ruwa ya sauka. Na kasa rantsewa. Maƙwabciyata ta zungure ni, ta ce, "Ke Hauwa, iri abinci ne? Rantse mana!" Haka na dawo da ƙwaryata wayam.

Yanzu yaran kuka suke, idonsu na kan rumbu. In na sussuke irin, me za mu shuka? In na rantse, me zan gaya wa Ubangijina? Ko dawar nan ta wanda ya cinye irinsa ce kaɗai?

An ce motar za ta dawo daga Gwandu ran kasuwa. Don Allah a tambayar mini malamai, a ba ni amsa kafin ta iso.